Mai Takaba Sai Ranar Alhamis

Talata, 22 ga Satumba, 1987. Da hantsi.

Kaset ya iso. Husaini da ke karatu a Ingila, abokin ɗana Sirajo, shi ya samo shi a wani kanti a Landan, ya ba wani mai zuwa nan Greensboro ta Amurka ya kawo. Guda biyu ne cikin kwali ɗaya. A jikin kwalin ga ta nan tsaye bakin taga, kan tarho a hannunta, yadda na san ta. Ban iya karanta Turancin da ke jiki ba, amma fuska ba ta ɓace mini. Mai Takaba ce.

Na kai wa matata Kubura ɗaki. Ta kawo kwalin kusa da idonta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Malam, ba ta tsufa ba."

Na ce, "Ke ma haka."

Ta ce, "Ƙarya da sassafe ba kyau."

Bari in rubuta yadda abin yake, don yaran gidan nan sun ɗauka rigimar tsufa ce. Shekara goma da suka wuce muna Kaduna, a kwatas ɗin ma'aikatan reluwe, muna da talabijin ƙarama mai baƙi da fari. Kowace Alhamis bayan Magariba ana sa wani wasan Turawan Ingila. Mace ce aka binne mijinta, amma sai tarho ya riƙa ƙara a gidan, in ta ɗauka ta ji muryarsa. Mu muka sa mata suna Mai Takaba. Kashi shida ne wasan. Biyar mun kalla a tabarma ɗaya, ita tana ɓare gyaɗa, ni ina yi mata fassara. Turancina na tashar jirgi ne, bai wuce na "zo" da "tafi" da "tsaya" ba, amma wanda ya yi shekara talatin yana kallon fuskar Turawa ba ya buƙatar bakinsu. Ranar na shida, ana fara kiɗan buɗewa wuta ta ɗauke a unguwarmu. Ba ta dawo ba sai washegari, su kuma ba su maimaita ba.

Tun daga nan muke gardama. Ni na ce Likita ne ke buga tarhon yana kwaikwayon mamacin, likitan nan mai baƙar safar hannu. Ita ta ce ƙanin mijin ne, wanda muke kira Mai Sanda. Ba wanda ya sauka.

Watan jiya, ranar da muka dawo daga asibiti, kowa ya yi shiru a mota. Sai ta ce, "Ni dai da zan san wanda ke buga tarhon nan." Sirajo ya waiwayo, ya ɗauka kanta ne ya fara juyawa. Ni na gane. Shi ya sa na tsaya masa a wuya har ya rubuta wa Husaini.

Talata, bayan La'asar.

Bai yi ba.

Sirajo ya saka a bidiyonsa, sai layi-layi ke gudu sama, ba mutum ba aljan. Murya kuma kamar ɓeraye na faɗa a rumbu. Ya cire, ya juya kwalin, ya dafa goshi.

"Baba, sori. Sistem ɗin ne daban. Kaset ɗin Ingila ba ya aiki a bidiyon Amurka. Na manta kwata-kwata."

Na ce, "Ba duk Turawa ba ne? Ba yarensu ɗaya ba?"

Ya ce, "Kamar layin dogo ne, Baba. In faɗin layi bai zo ɗaya ba, jirgin wata ƙasa ba ya hawa."

Wannan na gane, amma ban ce masa na gane ba. Mutum yana koyarwa a jami'a, ya kasa tuna faɗin layi.

Kubura ta ce a sake sa mata ɓerayen. Ta yi dariya har tari ya zo. Rumasa'u, matar Sirajo, ta kashe, ta ɗago ta, ta ba ta ruwa.

Laraba, da safe.

Na goge kaset da auduga da ɗan turare. Bai yi ba.

Juma'a, 25 ga Satumba. Bayan an sauko.

Na tafi masallaci da kwalin a aljihun babbar riga. Sirajo ya ce kada in yi, na yi. Bayan sallama na bi mutane ɗaya-ɗaya. Ɗalibai suna ta ba ni shawara da Turanci, wani ya ce a aika Niyok a juya shi, wata ɗaya ko biyu ya dawo. Na ce masa Allah ya yi albarka, na wuce.

Sai Alhaji Bello, bakanike, mutumin Kumasi da ke zaune a McLeansville, ya karɓa ya duba. Ya ce, "Baba, injina ba ya wariya. Na Indiya yana ci, na Makka yana ci, na Ingila ma zai ci. Amma sai an haɗa da talabijin ɗinsa, su biyun ma'aurata ne."

Na ce, "Iyalinka fa? Da me za su yi kallo?"

Ya ce, "Matata ya kalli Indiya har ya fara rawa a kicin. Hutu zai yi."

Hausarsu ta Kumasi ke nan, mace ma namiji ce. Amma zuciya ba ta da laifi. Bai tambaye ni na wane ne ba. Ina jin labari ya riga ya zaga.

Lahadi, 27 ga Satumba. Da Azahar.

Alhaji Bello ya kawo kaya a bayan a-kori-kura, an lulluɓe da bargo. Suka haɗa wayoyi shi da Sirajo. Aka danna, sai ga kiɗan nan. Ga gidan bakin teku, ga taga.

Na sa hannu na kashe.

Na ce ba yau ba. Ranar Alhamis bayan Magariba, kashi ɗaya, sai kuma wata Alhamis. Haka aka yi shi, haka za a kalle shi.

Sirajo ya ce in zo kicin. Ya rufe ƙofa.

"Baba, duka-duka awa biyar ne. Wikend ɗaya mun gama. In aka bi naka sai an shiga Nuwamba."

Na ce, "To Nuwamba ba wata ba ne?"

"Baba, kana wurin. Ka ji abin da dakta ya ce."

Na ce, "Ban ji ba. Da Turanci ya yi."

Daga ɗaki Kubura ta ɗaga murya iyakar yadda take iyawa, ta ce, "Sirajo, ƙyale shi. Haka muka saba."

Kaset na biyu, mai ɗauke da ƙarshen, na saka shi ƙasan akwatina, ƙarƙashin rigunan sallah. Makulli yana wuyana.

Alhamis, 1 ga Oktoba. Bayan Isha'i.

Ashe wasan mai launi ne. Mu duk zamanmu a baƙi da fari muka san shi. Rigar kwat ta Mai Takaba koriya ce shar. Kubura ta ce ita ja take ganinta duk shekarun nan, kuma ja ta fi yi mata kyau, Turawan ne ba su iya zaɓe ba.

Rumasa'u ta kawo gyaɗa a kwalba, ɓararriya, da gishiri. Kubura ta ce wannan ba gyaɗar kallo ba ce, gyaɗar kallo sai mai ɓawo, hannu ya samu aiki. Yarinyar nan ta ɗauki mota ta fita ta samo. Allah ya yi mata albarka. Kubura ba ta ci ko ɗaya ba, amma ta ɓare mini cike da tasa.

Na fara fassara yadda na saba, sai Sirajo ya shigo ciki.

"Baba, wannan ba likita ba ne fa. Lauya ne. Maganar gado yake yi mata."

Na ce, "Lauya da jakar allura?"

"Jakar takardu ce."

"Kana ina lokacin da muke kallonsa? Kana makarantar kwana kana kukan ƙwaro a wake."

Kubura ta ce, "Sirajo, kai ji kake yi, mu gani muke yi. Yi mana shiru ko ka koma ofis."

Ya yi shiru, amma duk sanda na ce Likita sai ya yi gyaran murya.

Ta kwana da daɗi.

Asabar, da rana.

Ta ɗan ci.

Talata, 6 ga Oktoba. Da hantsi.

Itatuwan unguwar nan sun fara ja da rawaya. Na tambayi maƙwabci da hannu ko ciwo ne ya kama su, ya yi dariya. Sirajo ya ce haka suke yi duk shekara, su zubar, in sanyi ya wuce su dawo. Na share ƙofar gida da safe, kafin Azahar ta koma yadda take.

Ta sha koko. Ba na gero ba ne, amma Rumasa'u ta yi ƙoƙari.

Alhamis, 8 ga Oktoba. Bayan Isha'i.

Kashi na biyu. Wurin da Mai Takaba ta je maƙabarta ta tarar da Mai Sanda tsaye. Kubura ta ce, "Ka gani ko? Me ya kai shi?" Na ce kabarin wansa ne, ina kike so ya je.

Kafin a kai rabi barci ya ɗauke ta, ɓawon gyaɗa a hannunta. A Kaduna ba a tsayar da wasa don wani. Nan na tsayar. Muka zauna da Mai Takaba daskare a gilashi, bakinta a buɗe, har Kubura ta farka ta ce, "Ina muke?" Na ce muna nan inda kika bar mu.

Litinin, 12 ga Oktoba. La'asar.

Sun kawo wani gado mai hannun juyawa, sun kafa a falo, don matakala ta fi ƙarfinta. Sirajo ya ce don ta fi jin daɗin kallo ne. To.

Akwai wata nas Baturiya da ta fara zuwa. Da sunana take kirana, Mista Sanda. Tana da sanyin hannu. In za ta tafi sai su tsaya da Rumasa'u a bakin mota su yi ta magana ƙasa-ƙasa. Ni ina share ganye.

Alhamis, 15 ga Oktoba.

Ba mu kalla ba. Tana asibiti tun jiya.

Juma'a, da yamma.

An sallamo ta. Ta ce, "Malam, mun yi asarar Alhamis." Na ce ba asara, ta koma gaba, komai ya matsa da mako ɗaya. Ban ce na ji daɗi ba.

Lahadi, 18 ga Oktoba. Bayan Azahar.

Rumasa'u ta same ni a bayan gida, ta durƙusa a kan ganye. Na ce tashi, ƙasa da sanyi. Ba ta tashi ba.

"Baba, don Allah. Kullum da safe in ina shafa mata mai, abin da take fara tambayata shi ne yau wace rana."

Na ce, "Sai ki faɗa mata."

"Ina faɗa mata, Baba. Sai ta ƙirga da yatsa."

Na ce mai ƙirga kwana da yatsa ai yana da abin da yake jira. Wanda ba ya jiran komai shi ake wa tsoro. Ta tashi ta kakkaɓe zaninta ta shiga ciki. Na ji famfon kicin ya daɗe yana zuba.

Alhamis, 22 ga Oktoba. Bayan Isha'i.

Kashi na uku. Ana tsakiyar wasan tarhon gidan nan ya yi ƙara daidai da na cikin talabijin. Kubura ta ce, "Malam, ɗauka, Likitanka ne." Hadijatu ce, 'yarmu, daga Kaduna. Takardun tafiyarta ba su fito ba. Aka jawo waya har gado. Kubura ta ce mata, "Lafiya lau nake, kallo ma muke yi da babanki. Har yanzu bai yarda ba." Sauran maganar ba ta yi da ƙarfi ba, ni kuma na fita duba ko an rufe mota.

Lahadi, 25 ga Oktoba. Da safe.

Yau an mayar da agogo baya da awa ɗaya, duk ƙasar. Wai haka suke yi. Na tambayi Sirajo wa ake roƙa, ko yana ba da fiye da awa. Bai yi dariya ba.

Magariba za ta riƙa zuwa da wuri.

Talata.

Ba ta ci ba. Ruwa a cokali.

Laraba, da hantsi.

Alhaji Bello ya zo gaisuwa. Na ce masa mun riƙe masa kaya. Ya ce, "Baba, ko shekara ne." Ya leƙa ta daga ƙofa, ya fito, ya daɗe yana ɗaure takalmin da ba shi da igiya.

Alhamis, 29 ga Oktoba. Bayan Isha'i.

Na buɗe akwati na ɗauko kaset na biyu. Kashi na huɗu. Da aka gama na mayar na kulle.

Ba ta iya ganin gilashin sosai. Ta ce hazo-hazo ne. Sai ta rufe ido ta ce, "Faɗa mini." Na faɗa mata komai. Ga ta ta sauko matakala da fitila. Ga Likita ya cire safar hannu ɗaya ya ajiye a tebur. Ga ruwan sama. Abin da ba su nuna ba ma na faɗa mata, har abin da Mai Takaba ta dafa da rana.

Sirajo yana zaune a ƙasa, kansa jikin gadon. Na ce Likita, na sake cewa Likita. Bai yi gyaran murya ba. Har cewa ya yi, "Haka ne, Baba."

Da ya yi mini gardama da ya fi.

Asabar, da yamma.

Yaran unguwa suna yawo gida-gida da kayan dodo, ana ba su alewa. Tashensu ke nan, sai dai ba ganga ba waƙa. Kubura ta ce a bar ƙofa a buɗe ta ji hayaniyarsu. Wani ya zo da rigar ƙwarangwal. Na cika masa hannu don ya yi saurin barin ƙofar.

Lahadi, 1 ga Nuwamba. La'asar.

Mun yi faɗa da Sirajo a gareji. Bai taɓa ɗaga mini murya ba sai yau.

"Ba ni makullin nan, Baba."

Na ce sai Alhamis.

"Saura biyu. Alhamis biyu, Baba. Ka dube ta. Kai ka sa aka nemo kaset ɗin nan don ta gani, yanzu kai ne ka hana ta. Ba kaset ne ke riƙe da ita ba."

Na ce ya gama? Ya jingina da mota yana kuka kamar ranar da na kai shi makarantar kwana. Na bar shi nan, na fita, na bi titi har inda gidaje suka ƙare. Ba kowa a ƙafa a garin nan sai ni.

Na sani. Ban yi boko ba, amma ni ba wawa ba ne. Na sani.

Sai dai tun da aka fara ba ta taɓa saɓa wa Alhamis ba, ban da ta asibiti, ita ma ta biya.

Litinin, 2 ga Nuwamba. Na rubuta bayan La'asar.

Da hantsi ta farka, idonta garau, irin yadda na daɗe ban gani ba. Rana ta cika falo.

Ta ce, "Malam, yau wace rana?"

Na ce, "Litinin."

Ta ce, "A'a. Alhamis ce."

Na dubi taga.

Ta ce, "Kuma an yi Magariba. Ba ka ji kira ba?"

Ba kanta ne ya juya ba. Kallona take yi, irin kallon da take mini in na ce na ƙoshi alhali ban ƙoshi ba. Shekara arba'in da wani abu na san kallon nan.

Na tashi na ja labule, duka biyun. Na ce, "Gaskiyarki. Ni na ɓata lissafi."

Na kasa buɗe akwati, sai da Rumasa'u ta karɓi makullin. Ta buga wa Sirajo ofis, ya baro aji ya taho.

Na ce na biyar za mu sa. Kubura ta ce, "Mun ga na biyar a Kaduna. Ba ni shi a baki, ka fi su sauri." Na ba ta. Tun daga wasiƙar da aka tura ta ƙarƙashin ƙofa har inda Mai Takaba ta ɗauki tarho ta ce wa mai bugowa ya zo gidan bakin teku su haɗu. Ban tsallake komai ba. Ta gyara mini wuri ɗaya, wai kare ya yi haushi kafin agogo ya buga, ba bayan ba. Ita ke da gaskiya.

Sirajo ya tura kaset gaba har na shida. Kiɗan buɗewa ya zo. Wuta ba ta ɗauke ba.

Ina faɗa mata, hannunta cikin nawa. Ga ta zaune tana jira. Ga mota ta tsaya. Ga inuwar mutum a gilashin ƙofa.

Ta ce, "Da sanda?"

Na ce ba sanda.

"Da safar hannu?"

Na duba da kyau. Ba safar hannu.

Ƙofa ta buɗe. Na san fuskar, ita ce ta hoton da ke kan teburin Mai Takaba tun kashi na farko. Na ce, "Kubura, mijin ne. Shi da kansa. Bai mutu ba."

Na juya wajen Sirajo, karo na farko na ce masa, "Me yake cewa?"

Ya share fuska ya ce, "Wai wasu ne ke neman ransa, shi ya sa ya ɓuya ya bari aka ɗauka ya mutu. An ce masa kada ya neme ta ko kaɗan. Ya ce ya kasa. Yana bugowa ne kawai don ya ji ta ce halo."

Kubura ba ta motsa ba har na sunkuya in duba ta. Sai ta ce, "Shekara goma muna zargin bayin Allah."

Rumasa'u ta yi dariya da kuka haɗe.

Na ce, "Ba wanda ya ci ke nan."

Ta ce, "Ni na fi kusa. Ɗan gidan ne dai."

Na bar mata.

Da rubutu ya fara hawa gilashi ta ja hannuna, na kai kunne. Ta ce, "Ya kyauta da ya riƙa bugowa. Ni ma in da hali zan bugo maka."

Na ce, "Astagfirullah, Kubura."

Ta ce, "Na ce in da hali."

Ta yi barci. Ban buɗe labulen ba.

Laraba, 4 ga Nuwamba.

Gida ya cika da masu ta'aziyya. Alhaji Bello ya kawo kujeru a motar da ya kawo talabijin. Ƙasar maƙabartar ja ce, irin ta Kaduna. Hadijatu ba ta samu zuwa ba.

Alhamis, 5 ga Nuwamba. Bayan Magariba.

Mutane sun ragu. An fitar da gadon. Na jawo kujera kusa da tarho. Sirajo ya leƙo, ya gan ni, ya kawo tasa kujerar.